Tulun Inna Tasalla

Shekara talatin da ɗoriya Inna Tasalla ta yi tana buga tulu a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, ɗan coci mai rufin kwano a bayan Roni. Ba ta iya karatu ba, amma littafin waƙoƙi kaf yana kanta. Ga faɗan tsiya.

Daga Larabar Toka, ranar da azuminmu na kwana arba'in ke farawa, ba kiɗa, ba a kuma furta Halleluya sai safiyar Ista. Tsarin coci ne, amma ita ta mai da shi nata. Da hannunta take kife tulun a lungu, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Ni kaina bakina ya taɓa suɓucewa a tsakiyar waƙa. Hararar da ta yi mini ta sa na manta baitin gaba, da aka tashi kuma ta ja mini kunne, alhali ina da 'ya'ya uku.

Bana ciwo ya kwantar da ita cikin azumi, ana tsakiyar zafin bazara. Maƙwabciyarta Shatu, Musulma, wadda ke dama mata kunu, ita ta aiko wa mu 'yan ƙungiya cewa mu zo yau, kada mu bari sai gobe.

Da la'asar muka cika ɗakin, muka yi mata waƙoƙin gicciye a hankali. Ta tambayi saura kwana nawa Ista, aka ce sha ɗaya. Ta tsura wa rufi ido. Duk mun san ba za ta kai ba, ita ma ta sani, kuma abin ya karya mini zuciya.

Na dubi malaminmu na coci, ya sunkuyar da kai. Sai kawai na ja Halleluya, sauran suka amsa.

Inna ta ɗaga yatsan nan da muka sani. "Ke Rifkatu, ba ki da kunya? Lokaci bai yi ba."

Nan take muka katse waƙar.

Can ta ce, "Tunda kin riga kin ɓata, ku ƙarasa. Amma ban da Halleluya gaya, ba tulu. Shatu, ara musu naki."

Shatu ta juye ruwan tulunta a randa, ta miƙo mini. Ban iya bugu ba, na dai buga. Inna ta lumshe ido, yatsanta na bugun tabarma, tana gyara mini kiɗan.

Ranar Asabar ta rasu, saura kwana takwas Ista.