Zaren Gilashi a Aljihuna, Zariya Zuwa Jos

Zariya

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na isa tasha rungume da kwali mai faɗin faifai. A ciki akwai zaren gilashi, siriri kamar gashi, da maigidana a ɗakin gwaje-gwaje ya samo daga Turai. Zan kai wa abokinsa Dakta Dung, wanda zai manna shi a ƙarfen gada ya haska fitila ta ciki. In mota ta hau, ƙarfen ya miƙe, hasken ya sauya, sai a san nauyin da gadar ke sha. Zaren nan kaɗai gare mu, kuma da wannan aike za a duba ƙarin girmana.

Direban fijo ya ce, "Malam, kwalinka sai dai ya biya kujera. Naira huɗu."

Ni ɗan tela ne, zare ba zai ci kuɗina ba. Na sayi kwarkwaro, na naɗe zaren a kansa tamau yadda babana ya koya mini, na jefa aljihu ina jin kaina gwani.

Saminaka

Ƙarfe tara muka ci ƙosai. A shingen hanya soja ya zazzage kayan kowa ban da nawa. Har wa'azin dabara na yi wa fasinjoji.

Jos

Sha biyu saura muka sauka Taminus, mil ɗari da hamsin, sanyi na ratsa riga. Na kwana Gangare gidan Kawu Sale, shi ma tela. Ya juya kwarkwaron ya ce, "Ɗana, naɗi ya yi kyau, amma wannan zare ƙara yake yi."

Da safe, a Tudun Wada, Dakta ya haska fitila a bakin zaren. Ɗaya bakin duhu.

"Ina kwalin?"

"Na rage kaya, oga."

"Gilashi ne fa. Ba ka ga faɗin naɗinsa ba? In ka matse shi, karyewa yake."

Da ƙyar ya tsinci kamu biyu masu rai, gadar kuwa taku talatin ce. Kunya ta kama ni har wuya. Bai yi faɗa ba, ya ce in mayar wa maigidana ragowar da hannuna.

Komawa

Na iso Zariya da la'asar lafiya, alhamdu lillahi, ina gode wa Kawu da Dakta. Ƙarin girma sai wata shekara. Kwarkwaron dai a gaba ya zauna, kusa da direba. Ni na biya masa kujera.