Ɗakin da Na Gina a Kan Burtali

A lokacin da wannan abu ya faru ni ma'aikaci ne a Sakkwato, ina zuwa gida jefi-jefi, amma ina ganin na san garinmu kamar yunwar cikina. Garin yana gabashin jiha, kusa da gulbi. Ni ne babba a ɗakinmu, mahaifinmu ya rasu, don haka duk abin da ya shafi Inna a wuyana yake. A wata damina ruwa ya yi ambaliya ya ci gidajen da ke gangaren fadama, har da namu. Inna ta koma gidan ƙanenta, Kawu, da 'yan kayanta a ƙulle cikin zani. Na yi wa kaina alkawari cewa wata damina ba za ta same ta a gidan wani ba.

Da rani ya yi, ƙaramar hukuma ta yanka filaye a kan tudu domin waɗanda ruwa ya kora, mu ma muka samu. Filinmu shi ne na ƙarshe a layi. Daga gefensa an bar wani sarari mai faɗi wanda ya miƙe daga daji har gulbi, da tsofaffin itatuwan aguwa jere a bakinsa. Na tambayi jami'in tsara gari abin da aka ware shi dominsa, ya ce hanya ce, kada kowa ya taɓa. Ban sake tambaya ba. Da na ji hanya, mota ce ta zo mini a rai, na kuwa ce a zuciyata wace mota ce za ta buƙaci wannan faɗi a garin da babur da jaki suka ishe mu. Na ga maƙwabcin da ke gabana ya tura katangarsa ciki, na gaba da shi ma haka. Sai na sa aka sare aguwar, na gina wa Inna ɗaki mai kyau a wurin, da taga mai kallon gabas.

Ana cikin yaɓe sai ga Arɗon Fulanin da ke zaune arewa da gari. Dattijo ne, tun muna yara yake aiko wa mahaifinmu da nono. Ya gaishe ni, ya yi wa gini addu'a, sannan ya tambaye ni mi shanu suka yi mini da na tare musu ƙofa. Ya ce wannan burtali ne, da rani ba a gane shi saboda gonaki a buɗe suke, dabba tana bi ta inda ta ga dama, amma da zarar an yi shuka ba su da wata hanyar zuwa ruwa sai nan. Na amsa masa da ladabi cewa ai na bar wuri. Ya dubi abin da na bari, ya yi dariya, ya ce wurin zai ishi akuya idan ba ta da ciki. Na raka shi har bakin layi, na dawo na ci gaba da aikina.

Ina Sakkwato aka kira ni bayan gero ya kai gwiwa. Garke ya biyo burtali, ya tarar da katangu sun matse shi, na baya suna turo na gaba, sai suka fasa gefe suka faɗa gonar da ke kusa. Gonar Kawu ce. Kafin in iso an ɗaga sanduna, an yi wa wani makiyayi rotse, kuma matasa suna shirin zuwa ruga. Kawu yana ta faɗa cewa Fulani sun raina shi, kowa yana taya shi. Ni kaɗai na tsaya ina kallon katangata. Inna kuwa na same ta a rumfar girki da tabarmarta da butarta. Ta ce mini ita ba za ta sake kwana a ɗakin nan ba, wanda ya kore ta daga gidanta ruwa ne ba mutum ba, ba za ta zo tudu ta kori wasu daga hanyarsu ba. Na ce mata ta yi haƙuri har kaka. Ta ce in je in faɗa wa shanu su yi haƙuri da ƙishirwa har kaka.

Na tafi gaban hakimi na faɗi cewa asalin ɓarnar daga wajena take. Kawu bai yi mini magana ba har aka yi girbi. Washegarin zuwana gaban hakimi na kira maginin da ya gina ɗakin na ce ya rushe shi, ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau, na karɓi diga na fara da hannuna. Inna ta ƙarasa daminar a ƙaramin ɗakin da na yi niyyar ajiye hatsi, rufinsa yana yoyo, muna tara kwanoni. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, domin saboda ita na yi ginin, kuma ita ta sha wahalarsa.

Rushe nawa bai buɗe burtali ba, tunda akwai sauran katangu. Na bi maƙwabta gida-gida. Wani ya ce don ni ina da albashi ne nake wasa da bulo. Wani ya ce sai kowa ya rushe zai rushe. Na yi ta zarya zuwa sakatariya har aka turo jami'ai suka sake awo a gaban hakimi da Arɗo da masu gidaje, aka kafa alamun siminti, muka sake dasa aguwa a gefe biyu. Na roƙi a daina ce wa wurin hanya kawai, a kira shi burtali a duk inda za a ambace shi, aka kuwa amince. Yawancin maƙwabta sun ja katangunsu baya. Saura mutum ɗaya, kuma ban daina zuwa gaishe shi ba.

Abin da na koya shi ne, sararin da aka bari a sabuwar unguwa yana da masu shi, ko da ba ka gan su ba ranar da ka je. Ina kira ga duk wanda aka ba fili a garuruwanmu, idan an ce masa nan hanya ce, ya tambaya hanyar wa, ta mutane, ta ruwa ko ta dabbobi. Kada ya ce ai maƙwabci ma ya ci. Kuma kada ya yarda da filin da ya gani da rani kaɗai. Ya bari a yi shuka, ya koma ya tsaya a wurin da hantsi, ya ga su wa za su zo wucewa.