Gaisuwar da Ba a Aiko Ba

Moutari taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Tun muna yara a Maraɗi ba ya iya wuce ƙofar gida bai yi sallama ba. In aka aike shi sayen daddawa, sai a sauke tuwo bai dawo ba, yana can yana tambayar mutane gajiya da iyali. Da wannan hali ya zo Lyon ta ƙasar Faransa karatun halayyar ɗan Adam, ya samu ɗakin ɗalibai a Villeurbanne. Ni kuwa aure ya kawo ni La Courneuve a gefen Paris, inda nake sayar da atamfa da turare a cikin gida.

Burinsa ya zama abin da Faransawa ke kira psychanalyste. Mai ciwon rai ya kwanta a doguwar kujera ya yi ta magana, likitan yana zaune ta bayan kansa yana saurare, har mutum ya gano da bakinsa abin da ke cinsa. Da ya yi mini bayani na ce ashe akwai ƙasar da ake karatun jin gulma. Ya yi dariya bai musa ba. Sai da na kai masa ziyara ya zaga da ni dogayen benayen unguwar Minguettes a Vénissieux, gefen Lyon, ya nuna mini mazan ƙasarmu masu dako a rumbunan kaya, waɗanda barci ya ƙaurace musu. Likita ba ya jin harshensu, sai dai ya rubuta musu ƙwayoyi. Moutari ya ce so yake a samu mutum ɗaya da zai saurare su da Hausa. Daga ranar na rage yi masa tsiya, ban dai daina ba.

To amma wannan sana'a takardar jami'a ba ta isa. Sai ƙungiyar masu sana'ar ta karɓe ka, ita ce za ta ce ka ƙware, ita ce za ta turo maka marasa lafiya. Kafin nan sai kai ma ka kwanta a kujerar wani babba shekara da shekaru, wani babban kuma ya sa ido a kan aikinka na farko. Wanda Moutari ke kwanciya a wurinsa shi ne wani tsoho, Mushe Garrigou (haka muke faɗin Monsieur na Faransawa), shugaban ƙungiyar, a Paris. Mai duba aikinsa kuwa Madam Thévenard ce, shugabar reshen Lyon. Duk mako yana kan jirgin ƙasa tsakaninsu, sauran kwanakin yana aikin jinya a asibitin masu taɓin hankali. In ya zo Paris gidanmu yake sauka. Matarsa Raliatou ta yi haƙurin da ni ba zan iya ba.

A 1983, ana saura ƙiris a zauna a kan maganarsa, ƙungiyar ta dare biyu. Rigimar a kan wa ke da ikon cewa ɗalibi ya kammala ne. Paris ta ce ita kaɗai, Lyon ta ce ba bayi ba ne su. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna koya wa wasu sauraro, aka wayi gari ba mai jin na wani. Wanzami dai ba ya son jarfa. Aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɓangare. Na ce masa ya bi Lyon tunda can iyalinsa suke, ya huta. Ya ce ba a ce wa mutum ya zaɓa tsakanin malamansa, kuma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ana cikin haka matar Mushe Garrigou ta rasu. Mutanen Lyon suka zauna suka yanke cewa ba wanda zai je, kada a ce sun rusuna. Moutari ko shawara bai yi ba, ya hau jirgi. Ya bi gawa har maƙabarta, ya dawo gidan ya zauna a kusurwar falo yadda ake zaman makoki, su kuwa baƙi suna shan abin sha a tsaye suna kallonsa. Da zai tashi ya kama hannun tsohon, ya faɗi abin da kowane ɗan Maraɗi zai faɗa a wurin. Ya ce Madam Thévenard da dukan mutanen Lyon suna yi masa ta'aziyya.

A wurinmu wannan ba ƙarya ba ce. In ka je gaisuwa, kai ne ƙafar mutanen gidanku, ko sun aike ka ko ba su aike ka ba. Ni kaina na isar da gaisuwar mutanen da ban gani ba tun bara, ba wanda ya taɓa ƙure ni. Amma tsohon ya ɗauka da gaske. A taronsu na gaba ya miƙe ya sanar cewa Lyon ta miƙo hannu, ya karɓa. Labari ya isa Lyon. Madam Thévenard ta ce ita ba ta aiki kowa ba, kuma ba ta roƙi sulhu ba. Tsohon ya ji kunya a gaban mutanensa, rigimar ta ƙara muni.

Madam Thévenard ta kira Moutari ofishinta. Ya yi mata bayanin al'ada, ta saurare shi har ƙarshe, don sana'arta ce. Sannan ta ce wanda ke sa wa mutane maganar da ba su faɗa ba, ba za ta bar shi ya zauna a bayan mara lafiya ba. Ta janye daga duba aikinsa. A ƙa'idarsu dole ya sallami mutanen da yake saurare, har da wani dattijo, Malam Illiassou, da bai jima da fara buɗe baki ba. Mushe Garrigou kuwa cewa ya yi Moutari yaro ne mai son haɗa uwa da uba, alamar jinyarsa ba ta yi nisa ba, ya nemi wani ya fara daga farko. Wani kuwa a wane ɓangare? Paris na ganinsa ɗan Lyon, Lyon na ganinsa ɗan Paris.

Ya iso gidanmu da rana tsaka, ya ƙi cin abinci. Na fara yi masa tsiya don ya saki jiki, sai ya ce, "Hassia, mi na yi? Mutum ya rasa matatai, in tahi in ce mai ni ɗai na zo?" Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don na san gobe in aka sake mutuwa haka zai yi.

Shekaru suka shuɗe yana asibiti yana canza zannuwan gado. Ya ƙwanƙwasa ƙofofin wasu ƙungiyoyi, amma duniyarsu ƙarama ce, labari ya riga shi isa. Furfura ta fito masa. Raliatou ta daina maganar ranar da zai buɗe ofis.

A 1988 aka ce ɓangarorin biyu sun shirya, za a yi taro a Paris, ƙofa a buɗe. Moutari ya zo da kwat sabuwa, fuskarsa kamar ta ango. Ya ce tunda an haɗe, dole a waiwayi waɗanda rigimar ta ritsa da su. Ya matsa na raka shi, muka zauna a layin baya. Magatakarda ya karanta sharuɗɗan sulhun. Ɗaya daga ciki shi ne, duk hukuncin da wani ɓangare ya yanke a kan ɗalibi lokacin rabuwa, ɗayan ya amince da shi, ba za a sake tayar da shi ba. Na juya na dube shi. Idonsa na kan dandamali.

Sai Madam Thévenard ta miƙe. Ta ce akwai abin da ya daɗe yana damunta. Ta dubi tsohon ta ce, "Ranar da ka binne matarka, ko mutum ɗaya daga Lyon bai zo ba. Ka yafe mana." Mushe Garrigou ya share hawaye ya ce haka ne, amma ya wuce. Suka rungumi juna, zauren ya ɗauki tafi.

Na kama hannun rigarsa na ce mu tafi. Ya ce in dakata, bai kamata a fita ba a yi musu barka ba. Ya shiga layi. Da ya isa gabansu ya miƙa hannu biyu, suka karɓa suna murmushi, suna duban na bayansa.