Gangar Iya

Kafin ka hango motar Girgiza, a ƙirjinka za ka fara jin ta. Tagogi su ɗau rawa, kajin layi su watse, mai kanti ya dafe kwalabensa yana tsaki. Daga nan ya samo sunan, har matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci. Sana'arsa ɗaura sifikun mota, a wata 'yar rumfa tsakanin mai faci da mai walda, kuma duk abin da ya iya a duniya ya juye shi a but ɗin tasa motar: ƙatuwar wufa, sifikar nan mai gurnani, cikin akwatin katako da ya haɗa da hannunsa, ga amfilifaya a gefe yana goge ta da bakin riga kamar fuskar jariri. Ko ledar cefane ba ta samun wuri a but ɗin nan. A cinya matarsa take ɗauka tana mita, shi kuwa ba ya ji, don dama in motar na tafiya ba abin da ake ji.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ƙorafi ba: Iya, mahaifiyarsa. Kunnuwanta sun daɗe da yin nauyi, sai ka tambaye ta inda ta ajiye almakashi ta ce maka lafiya lau. Takan kame a kujerar baya ta lumshe ido, shi kuwa ya ɗauka haƙuri ne irin na uwa.

Da ƙafafun Iya suka gaza, aka kawo mata keken guragu mai naɗewa. An gwada shi a tsaye, an gwada a kwance, ya ƙi shiga ko'ina a motar. Ga asibiti, ga bukukuwan jikoki da Iya ba ta yarda a yi ba ita. Ko keke ko wufa, ɗaya sai ya bar but. Girgiza ya yi ta zagaya motar yana huci, daga ƙarshe ya miƙa wa matarsa makulli.

"Riƙe min. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Ƙa'idarsa ke nan tun ranar da wani mai mota ya kunna rediyo don jin ƙwallo ana tsakiyar aiki, amfilifaya ta tashi da hayaƙi. Yau ma sai da makulli ya bar hannunsa ya buɗe gaban motarsa, ya kwance baƙar wayar batir ya karkatar da ita gefe, ya zare fis ya jefa aljihu. Sannan ya tsaya ya zuba wa 'yar fitilar amfilifaya ido har ta mutu murus.

Mai walda ya leƙo. "Maƙwabci, zaman makoki ake? Finciko wufar kawai mana!"

"Finciko? Wayoyin nan biyu in suka sumbaci juna da sauran wuta a jiki, amfilifaya ta tafi lahira. Koma kan ƙarfenka."

Ya sassauta su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya naɗe mata baki da salatif kafin ya taɓa 'yar'uwarta. Ya kwance kusoshin akwatin, ya rungumo shi ya dire a rumfa, bai yarda ya sake kallonsa ba. Keke ya shige but tsaf, har da wurin cefane. Matarsa ta saki guɗa, mai kanti ya ce yau zai yi sadaka.

Washegari suka ɗauki hanyar asibiti, mota shiru kamar ta wani. Ba su yi nisa ba Iya ta dungure masa kafaɗa.

"Kai, motar ta mutu ne?"

"Tafiya take, Iya!"

"To ina gangar?"

Ya ɗaga murya ya yi mata bayanin keke da but.

"Ɗan nan, duniya duk ta yi min shiru. A motarka kaɗai nake jin wani abu, ta bayana yake shigowa."

Girgiza ya dube ta ta madubi. Shekara da shekaru yana damun gari, ashe mutum ɗaya yake yi wa kiɗa bai sani ba.

Da yamma ya sake miƙa wa matarsa makulli. Ya ciro amfilifaya lafiyarta ƙalau, ya haɗa ta da wani tsohon batir a ɗakin Iya, ya jingina akwatin wufa da bayan kujerarta. Da ya kunna, kwanukan da ke jere a kan kantar ɗakin suka soma tafiya da kansu, matarsa ta bi su da gudu tana kiran sunansa na ɓacin rai.

Iya ta jingina, ta lumshe ido, yatsunta suna bugun hannun kujera.

"Ƙara," in ji ta.