Muryar Gwaggo Hanne a Kashi na Biyu

Cikin shekarun da na yi ina aikin ɗaukar murya, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Litinin da daraktanmu, Malam Kabiru, ya leƙo ɗakin ɗaukar sauti ya ce da ni, "Lurwanu, ka nemo mana wata kyanwar." Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun san fim ɗin, amma ba ku san cewa saura ƙiris kashi na biyu ya fita da wata murya daban ba.

A lokacin mu bakwai ne a ɗan kamfaninmu na Kazaure: darakta, da Malama Zulai mai rubuta labari, da masu zane huɗu, sai ni. Shekara biyu kafin nan mun fitar da katun a kan dabbobin wani gida, kyanwa mafaɗaciya, da aku mai surutu, da zomo matsoraci, da karen da ke gadin ƙofa. Yara suka so shi, iyaye ma sukan fake da rakiya su zauna su kalla. Sai wani gidan talabijin ya nemi kashi na biyu, za a nuna a hutun babbar sallah.

Ga wanda bai san sana'ar ba, a katun murya ake fara ɗauka. Sai an ɗauka masu zane su saurara, su motsa bakin dabba daidai da kowace kalma. Idan murya ta makara, kowa ya zauna ke nan.

Mai muryar kyanwa ita ce Gwaggo Hanne, dattijuwa mutuniyar Roni, wadda ta yi ritaya daga aikin girki a makarantar kwana. Ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Malama Zulai ce ta ji ta tana yi wa masu rabon abinci faɗa a gidan biki, ta dawo ta ce ta samo mana kyanwa. To ana saura wata uku sallah sai labari ya zo cewa Gwaggo ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Ta tashi, amma magana ba ta fita sosai.

Na gwada mata uku a kwana uku. Dukkansu sun yi ƙoƙari, ta ukun ma ta kusa. Amma da na kunna wa masu zane, sai babbansu ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Wannan faɗa take yi. Gwaggo kuwa in tana faɗa kana jin tana son wanda take yi wa."

Na sami darakta na ce, "Yallaɓai, a ba ni mako guda in je Roni."

Ya ce, "Ka je ka yi me? Matar da ba ta iya cewa a miƙo mata ruwa? Na yi wa mutane alkawarin rana, Lurwanu."

Na ce, "Ba wanda ya je ya saurare ta a cikinmu, labari muka ji. In na dawo hannu rabbana, da kaina zan ɗauki waccan ta ukun, ba za ka ƙara jin bakina ba."

Ya ce, "Mako ɗaya. Ko kwana ba zan ƙara ba."

Washegari na ɗaure na'ura a bayan babur na kama hanya. A zaure ɗanta, Malam Hadi, malamin firamare, ya tarbe ni. Muka gaisa, na yi masa jaje, na faɗi abin da ya kawo ni. Fuskarsa ta canza nan take.

Ya ce, "Malam Lurwanu, Inna ko maƙwabta suka zo dubiya juya fuska take yi bango, don kada su ji yadda bakinta ya koma. Ita ce kuke so ku sa a talabijin yara su riƙa kwaikwayonta a titi? Ku yi haƙuri."

Ban ga laifinsa ba, har na fara neman takalmina. Sai muka ji ana buga sanda a ƙyauren ɗaki daga ciki. Ashe tana jinmu. Ya shiga, ya ɗan jima, ya fito yana girgiza kai ya ce, "Wai ka shigo."

Na same ta zaune a katifa, ta rame, hannunta na dama a kan cinya ba ya motsi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta nuna makirfo da haɓa, ta ce, "Kunna." Na miƙa wa Malam Hadi takarda ya karanta mata layin farko, mai tsawo ne, kyanwa na zayyana wa aku laifuffukansa. Ta fara, ta kai tsakiya harshe ya sarƙe. Ta sake, ya ƙara sarƙewa. A karo na huɗu ta ture makirfon da hannun hagu, ta juya bango. Na tattara kayana na fito.

Da na dawo ofis na zauna na saurari abin da na ɗauka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A nan na gane abin da kunya ta hana ni ji a gabanta. Dogon zance ne ke kayar da ita. Amma kalma uku ko huɗu na farko suna fita tas, kuma tsakin da ta ja lokacin da ta ture makirfo, wallahi na kyanwar nan ne, bai rage komai ba.

Na kai wa Malama Zulai ta saurara. Na ce, "Malama, me zai hana kyanwar ta tsufa? Shekara biyu ai ba kaɗan ba ce a wurin kyanwa." Ta ce, "Sai ta riƙa fara magana, aku ya yi karambanin ƙarasa mata, ya ƙarasa ba daidai ba, ita kuma ta ja tsaki. Aku kowa zai yi wa dariya, ba ita ba." Kwana biyu ta yi tana yanke layukan kyanwa tana mayar da su gajeru. Darakta ya yi ƙorafi cewa za a sake tsara wasu fitowa, amma da ya karanta ya yi dariya a wuri biyu, ya ce mu je, kwanakina dai ba su ƙaru ba.

Na koma Roni da sabuwar takarda da kuma sharaɗi da na yi wa Malam Hadi: shi zai fara kallon fim ɗin kafin kowa, in ya ga wurin da aka ci zarafin mahaifiyarsa, a cire, ko da duka ne. Ban nemi izinin darakta ba kafin in yi wannan alkawari, daga baya na gaya masa, ya kuwa yi mini tatas. Ita Gwaggo da aka bayyana mata, cewa ta yi, "Ta tsufa? To... ni ma."

Ɗaukar murya a gida ba kamar a ofis ba ne. Muka jingine katifu a bango, muka rataye barguna a taga, aka kore kaji bayan gida. Akwai mai injin niƙa a maƙwabta, na je na roƙe shi, ya yarda ya riƙa jinkirta tayarwa har hantsi, da ya ji don Gwaggo ne. Da sassafe bakinta ya fi saki, don haka kullum ina idar da sallar asuba nake hawa babur. Mukan yi kamar rabin awa ta gaji, a ba ta kunu ta huta, a ƙara kaɗan. A kwana uku muka ɗauke komai, sai layi ɗaya.

A labarin, masu gida sun yi ƙaura sun manta zomo a tsohon gida. Kare da aku suka ce hanya da nisa, a haƙura. A nan kyanwa za ta miƙe ta ce, "Wanda muka ci tare da shi, ba ma tafiya mu bar shi a baya." Malama Zulai ta ce wannan ba ya yankuwa, kuma aku ba zai sa baki ba. Gwaggo ta yi ta gwadawa, kullum sai ta kai "tafiya" harshe ya ƙi. Gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Malam Hadi ya ce a bari haka.

Na ce, "Gwaggo, kada ki wahala. Ki faɗa guntu-guntu, ni zan haɗa a kwamfuta, ba wanda zai gane."

Ta harare ni ta ce, "Ni... zan gane. Ni ba tsumma ba ce... a yi mini faci. Gobe."

Goben ita ce ranar ƙarshe a wa'adina. Da na iso, Malam Hadi ya ce tun jiya take maimaita layin, har a wurin alwala. Na kunna na'ura. Karo na farko ta sarƙe, na biyu ma haka. Ta nemi ruwa ta kurɓa, ta dafa sandarta, ta ce a tayar da ita tsaye. Ɗanta ya riƙe ta ta ɓangaren da ya shanye, ni kuma na ɗaga makirfo. Ta faɗe shi tun daga farko har ƙarshe, a hankali, muryar na rawa kaɗan, amma ba harafin da ya faɗi. Na tsaya riƙe da makirfo na manta ban kashe na'ura ba. Ita ce ta ce, "Kashe mana, ɗan nan."

Masu zane suka yi aiki ba ji ba gani, aka gama ana saura kwana biyar sallah. Darakta da kansa ya ɗauki kwamfuta muka je Roni. Malam Hadi ya kalla daga farko har ƙarshe. Da aka gama ya share fuska da hularsa ya ce, "Ba abin cirewa." Gwaggo kuwa ƙorafi ɗaya ta yi, wai an zana kyanwar da ƙiba, tsohuwa ba ta haka.

Bayan sallah Malam Hadi ya kira ni. Ya ce matan unguwa sun zo kallo a gidan, Inna ta zauna a tsakiyarsu tana gaya musu yadda aka yi, in harshe ya sarƙe ta ja tsaki ta sake. Ya ce har ta koma yi wa matarsa faɗan gishiri a miya, kuma bai taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu tasowa. A sana'ar nan za a riƙa kawo muku labari cewa wane muryarsa ta ƙare, wance ba za ta iya ba. Kada ku yanke hukunci daga kan kujera. Ku je ku zauna ku saurara, in kun dawo ku sake saurara, don sau da yawa ba mutumin ne ya gaza ba, takardar ce ba a rubuta daidai da numfashinsa ba. Kuma in mai murya ya ce a bar shi ya faɗa da bakinsa, ku ajiye dabararku ta kwamfuta ku jira shi. Na'ura tana haɗa kalmomi, amma ba ta iya miƙewa tsaye.