Malam Datti da Wutar da Ba a Jin Ɗuminta

Ka taɓa tsayawa a tashar Ajingi da sassafe a tsakiyar sanyi, ka ƙirga mutanen da ke bencin mai shayi, sannan ka ƙirga kofunan da ke hannunsu? Ni na yi, domin ɗan awo ne ni, gyaɗa nake saye kasuwa-kasuwa, idona ya saba da ƙirga ko ban sa shi ba. A teburin Malam Datti na taɓa samun mutum goma sha huɗu, kofi biyar. Sauran taran tafin hannu kawai suka miƙa wa wuta. Su ma daga baya sukan sha, ɗaya bayan ɗaya, don kunya ba ta barin mutum ya ƙarar da itacen wani ya tashi haka nan.

Malam Datti mutumin Gafasa ne. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa a gonar gado. Da an kai amfani gida sai ya ɗaure kayan shayi a bayan babur, ya yi sallar asuba, ya kama hanyar Ajingi. Ya fi shekara ashirin a haka. Murhunsa duwatsu uku ne da katuwar buta baƙa, kuma wutar nan ta zama ta kowa. Direba ko ɗan dako, duk wanda ya ga kara ko guntun icce a hanya sai ya riƙo ya jefa a ciki kafin ya yi sallama. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka aka taso aka gani.

Su suna jin ɗumi su tashi. Shi kuwa yana durƙushe yana hurawa, hayaƙin duk a fuskarsa yake ƙarewa.

Tari ya fara masa kaɗan-kaɗan, har ya kai ba ya iya hawa tudu da buhu rabi. Matarsa Suwaibatu ta matsa sai da ya je asibiti a Gaya. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi ko yana shan sigari.

"Ban taɓa sa ta a bakina ba," in ji Datti.

"To huhunka bai san haka ba, Malam. Ko dai ka rabu da hayaƙi, ko ka rabu da sana'ar. Idan ka ci gaba, numfashin nan ba zai daɗe yana kai ka ko masallaci ba."

Sana'ar kuwa ba ta baruwa, don ita ke riƙe gidan daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Saboda haka a ranar ya neme ni, na raka shi shagon Lurwanu, wani matashi mai sayar da murhuna da ɗura gas a cikin Gaya.

Lurwanu ya jera mana kala huɗu. Rishon kananzir, Datti ya ce warinsa yana shiga shayi. Kurfotin gawayi, wannan ma likita ya hana. Sai wani ɗan mitsitsin murhu na matafiya mai gwangwanin gas, wanda zai shiga aljihun babbar riga. Datti ya juya shi a hannu ya yi dariya.

"Wannan ai na dafa wa jariri ruwan madara ne."

"Kuma in gwangwanin ya ƙare ba a ɗurawa, Baba, sai ka je Kano neman wani," in ji Lurwanu.

Saura tukunyar gas. Akwai mai tiyo, wadda ake ajiye tukunyar gefe, murhun gefe. Akwai kuma mai kilo shida wadda kan murhun ke ɗaure a samanta, a ɗora buta kai tsaye. Ni mai tiyon na so masa. Shi ya ce kaya biyu ne, babur ɗinsa ya riga ya cika, ya zaɓi mai kai a bisa. Lurwanu ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya tana huci, kafin mu gama gaisawa da wani maƙwabcin shago ruwa ya tafasa. Datti ya daɗe yana kallonta, ya kai fuskarsa kusa, ya ja numfashi.

"Ikon Allah," ya ce. "Ko ƙwalla ɗaya."

Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa tsakar rana ce, a cikin shago, bango huɗu, ko iska ba ta motsi.

Farkon kaka komai ya tafi daidai. Tarin ya lafa. Suwaibatu ta ce ta daina tsintar kanta a zaune tana sauraron ƙirjinsa. Sai sanyi ya sauka sosai, irin wanda ke sa mutum ya ɗaure kunne da rawani, nan abin ya fara lalacewa ta fuska biyu.

Ta farko ita ce wutar kanta. Iskar safe takan kwantar da harshenta gefe guda, zafin ya wuce ta gefen buta. Ga kuma wani abu da ba mu sani ba: idan gas yana fita da yawa, tukunyar sanyi take ƙarawa, har ta yi gumi a jikinta, in kuma gari da ma da sanyi sai ƙarfin wutar ya faɗi. Tukunya cike, amma wuta kamar ta fitilar ƙwai. Butar da ke ɗaukar kofi arba'in sai ta tsaya tana tsaki, direbobi suna jira, fasinja suna ƙwala musu kira.

Ta biyun ta fi ciwo. Mutum ya zo yana rawar ɗari, ya miƙa hannu inda ya saba miƙawa, ya ji ba komai.

Barau direban bas ne mai zuwa Kano, kuma taubashin Datti ne, ɗan kawunsa, don haka ba abin da ba ya faɗa masa. Wata safiya ya zauna, ya kai tafinsa har kusa da gindin buta, ya juyo.

"Kai Bature, ina wutar? Ko sai an saka kati take bayar da ɗumi?"

"Shayi ka zo sha ko gashi ka zo a yi maka?"

"Duka biyun nake samu a da. Yanzu ka mayar da mu kamar masu jiran allura a asibiti."

Aka yi dariya, Datti ma ya yi. Amma a makon nan wani mai suna Sadisu ya kafa teburi a ɗaya gefen tashar, ya hura itace har harshen wuta yana wuce kansa. Shayinsa tsararo ne, kowa ya sani. Duk da haka na ƙirga da idona: bencin Datti ya sauko daga goma sha huɗu zuwa shida, daga shida zuwa uku. Ƙwan da yakan sayar kiret biyu, ya koma mayar da fiye da rabi gida.

Don ya tare iska, sai ya samo guntun kwanon rufi ya naɗe tukunyar da shi tun daga ƙasa har gindin buta, ya bar 'yar kafa ta sa hannu. Ya ɗan taimaka.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwa ce, ina wurin. Barau ya iso rungume da karan dawa, wai tausayin ɗan'uwansa ya ji. Ya zube shi dab da teburin, ya ƙyasta ashana.

"Barau, hayaƙi," in ji Datti. "Ka san abin da aka ce mini."

"Yau ɗaya dai, Bature. Kai ka juya baya, mu mu ji ɗumi."

Kafin karan ya ci rabi, mutanen da ke wajen Sadisu sun fara gangarowa, kowa da ɗan abin da zai jefa. Benci ya cika, hira ta tashi kamar da. Na ga Datti ya buɗe baki zai sake magana, ya dubi bencin, sai ya ci gaba da zuba shayi. Sannan ya lura da wani abu: tun da zafin karan ya bugi tukunyar, wutar gas ɗin ta miƙe tana huci yadda ta yi a shagon Lurwanu. Sai ya sa ƙafa ya ƙara tura ta kusa. A tunaninsa ya gano maganin matsalarsa, kuma duk wanda ke wurin haka ya ɗauka, don mu abin da sanyi ya kama, wuta muke kai shi.

Kwanon da ya naɗa ya ɗauki zafi ya riƙe shi a ciki. Robar da ke wuyan tukunyar, inda kan murhu ke ɗaurewa, ta yi laushi ta saki. Muka ji wani fiii, sai ga wuta ta fito ta wuyan, ja, ta haura gefen buta har tsayin ƙirji.

"Za ta fashe! Za ta fashe!"

Benci ya kife. Wani ya bar takalminsa. Barau da ya kawo karan ya riga kowa kaiwa bayan motarsa. Datti kaɗai ya tsaya. Ya fizgo buhun da yake shimfiɗawa a ƙarƙashin kofuna, ya tsoma shi a bokitin wanki, ya kifa a kan tukunyar, ya cusa hannu ta cikin kafar kwanon ya murɗa makunnin. Wutar ta mutu. Bayan hannunsa na dama kuwa fatar ta tashi, tun daga yatsu har wuyan hannu.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma kafin azahar shugaban direbobi ya aiko cewa ba a yarda da tukunyar gas kusa da motoci ba. Barau ya zo har Gafasa dubiya, ya zauna a zaure, ya kasa ko wasan da ya saba.

"Yaya, ni na jawo."

"Ni na tura ta da ƙafata," in ji Datti. "Sha ruwa."

Da hannun ya fara warkewa, ya koma tasha da duwatsunsa uku. Benci ya cika tun ranar farko, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Tarin ma ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Wata safiya Suwaibatu ta leƙo ta same shi a ƙofar gida, jingine da babur, ya kasa taka shi ya tashi, yana jan iska da baki.

"Malam, sauke kayan nan."

"Suwaiba, in na sauke me za a ci?"

"In ka kwanta fa, me za a ci? Kai ke hura wuta, su ke jin ɗumi, ni ke jin tari. A cikin masu cika maka benci, wa zai ara maka numfashi?"

Bai je ba ranar. Ya aiko mini, muka sake ɗaukar tukunyar zuwa Gaya. Lurwanu ya duba ta ciki da bai, ya ce jikinta lafiya, ya canja kai da roba. Da ya ji yadda aka yi sai ya riƙe baki.

"Baba, iska ake tarewa, ba tukunya ake rufewa ba. Kariyar a sama za ta tsaya, daidai harshen wuta, gefe uku, a bar gefe ɗaya da ƙasan duk a buɗe. Kuma ko garwashi ɗaya kada ya matso ta."

"To sanyin fa? Da me zan ɗumama ta?"

"Kuna da rijiya a gida?"

Dabarar ke nan. Ruwan rijiya da aka jawo yanzu da sanyin safiya ya fi iskar gari ɗumi, duk mai alwala ya san haka. A zuba shi a baho, a zaunar da gindin tukunyar a ciki. Ba ruwan zafi ba, ruwan rijiya kawai, idan ya huce a canja. Wani maƙeri ya lanƙwasa masa kariyar daga tsohon faranti. Muka gwada a filin bayan gidansa da sassafe, iska na kaɗawa. Wuta ta miƙe, buta ta tafasa.

Wuta ta gyaru, amma tasha ta riga ta fita daga hannunsa. Yanzu Malam Datti fadama yake bi, wajen masu noman rani da ke fita ban-ruwa tun kafin rana ta ɗaga. A nan ne tukunyar ta nuna amfaninta: ya kunce ta daga babur, ya kafa a bakin gona, ya sallami mutum shida, ya ɗaure ya ƙara gaba. Su waɗannan ba zama suke yi ba. A tsaye suke kurɓa, ƙafa duk taɓo, su miƙo kofi su koma bakin injin. Yakan sayar da kofi talatin zuwa talatin da biyar. A da, a tasha, yakan wuce tamanin.

Na same shi can kwanan baya. Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, da hagu yake zuba ruwa. Bai yi tari ba ko sau ɗaya muddin ina wurin. Na ce masa ai wannan ci gaba ne.

"Numfashi ya dawo," ya ce. "Amma ka san me ke damuna? Sai in wuni ban ji labarin kowa ba. Shekara ashirin ina zaton shayina ake so. Ashe wuta nake sayarwa."

Ya ɗauraye kofin da na sha, ya taɓa ruwan bahon da bayan hannu, ya ɗebo sabo a jarka. Ko cinikin fadama zai riƙe gidan har damina, shi ma bai sani ba. Suwaibatu ta fara sayar da ƙuli a gida don a rage nauyi.

Idan kana da irin wannan tukunya, ko kana shirin saye don aiki a waje, kada ka yarda da gwajin cikin shago. Fitar da ita fili da sanyin safiya, nesa da kowace irin wuta, ka tare iska a gefe uku daidai harshenta, ka jawo ruwan rijiya ka zaunar da gindinta a ciki, sannan ka ɗora buta cike. Don Allah ka gwada haka tukuna, kafin ka tara mutane a kusa da ita.