Baba Halliru da Allon Baƙaƙen Rasha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Alhaji Halliru Kanya, tsohon likitan dabbobi, a gidansa da ke Kazaure, bayan gajeriyar jinya. Yayana Ashiru ne ya kira ya gaya mini, ina fitowa daga aji a nan ƙasar Rasha inda nake karatun likita. Na tsaya a bakin titi cikin ƙanƙara, sai na ji bakina yana karanta rubutun da ke saman wani kantin magani ba da niyyata ba. Nan kuka ya ƙwace mini, domin babu harafi ɗaya a wurin da ba kai ka koya mini ba, Baba.

Makiyayan Roni da Gwiwa su ne za su ba da labarin shanun da ka yi wa magani, da yadda kake hawa babur cikin damina ka bi su har ruga. Ni abin da na sani game da kai baƙaƙe ne.

Lokacin da na samu gurbin karatu, mahaifina bai so ba. Abba mutum ne mai tsoron abin da bai sani ba, kuma bai san komai game da Rasha ba sai sanyi da rashin addini. Da kyar ya ce a bar shi ya yi tunani. Kafin ya gama tunanin, mahaifiyata ta tura ni wurinka, tunda kai ka yi karatu a can tun zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma gidanka ba shi da nisa da namu.

Na zo da sabon littafin rubutu, ka ture shi gefe. Ka ce kai da allo ka fara sanin harafi, ba ka iya koyar da shi ta wata hanya ba. Ka sa aka sassaƙo sabon allo, ka fiƙe alƙalami, ka ce babbaƙu za mu yi. Yadda malaman allo suke raɗa wa baƙaƙen Larabci suna, haka ka raɗa wa waɗannan. Д ya zama rumbu mai ƙafa. Ш matsefi, Щ kuma matsefi mai wutsiya. Ж ka ce kwaɗo ne ya baje. Ф kuwa, wai ni ce na riƙe ƙugu ina jiran a yi mini magana in yi tsiwa. Ka gargaɗe ni da waɗanda suka yi kama da na boko amma ba su ba ne, irin Р da ake karantawa "ra", da Н da ake karantawa "na". Akwai biyu da ba su da sauti ko kaɗan, ka kira su bebaye, ka ce kada in raina su, aikinsu gyara na kusa da su. Harafin Ы ne ya gagare ni. Ka yi ta murguɗa baki kana nuna mini, har Hajiya Ma'u, mai ɗakinka, ta leƙo ta tambaya ko haƙori ne yake damunka.

Ka gaya mini asalinsu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ka ce almajiran wasu malaman Kirista biyu 'yan'uwan juna ne suka tsara su shekaru fiye da dubu da suka wuce, suka ari baƙaƙen Girka, suka ƙara wasu saboda sautukan da Girkanci ba shi da su, kamar yadda kakanninmu suka yi da ajami. Na ji daɗin labarin, na je gida na zazzage shi duka a gaban Abba.

Kullum ina komawa gida da allona in jingine shi a ɗakin kakata, Iya Yagana, inda nake kwana. Sau da yawa in na dawo daga aike sai in tarar da shi fes, in ɗauka taimakona take yi. Kai kuma ka yi ta yi mini faɗa, wa ya ba ni izinin wankewa ban haddace ba? Ashe Iya, wadda ba ta karatu, ta ga allo, ta ga tawada, ta ji an ce hannun Alhaji ne. Sai ta riƙa wankewa a ƙwarya tana shanyewa da bisimillarta. Asiri ya tonu ranar da ta yi wa Abba albishir cewa rubutun Alhaji Halliru yana da kyau, gwiwarta ta saki. Abba ya ce a kawo allon. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce tun ba a je ba an shayar da mahaifiyarsa rubutun coci, ina ga an je? Ya ce maganar tafiya ta mutu.

Na yi kuka har idona ya kumbura. Washegari da hantsi sai ga ka da sandarka. Ka girme wa Abba nesa ba kusa ba, amma ka ƙi hawa kujera, ka zauna a tabarmar zaure. Ina bayan ƙofa ina ji. Ba ka yi gardama ba. Ka ce allon sabo ne, ba a taɓa rubuta aya a kansa ba, amma duk da haka kuskurenka ne, ka nemi gafara. Sannan ka karanta masa abin da ke jiki, kalmomi uku da muke kai a lokacin: ruwa, gida, uwa. Ka ce abin da Iya ta sha ke nan.

Sai ka dubi Abba ka ce, "Malam, na je ƙasar nan na dawo, ban bar salla ba. Ni na tsaya wa Ummi Kulsum. In ta dawo maka ba yadda ka ba da ita ba, kada ka sake amsa gaisuwata."

Daga cikin gida Iya ta ɗaga murya ta ce, ita dai gwiwarta ta saki.

Da wannan tsayawar taka na zo, kuma a kanta nake zaune har yau. Abba ba ya kirana. Kai kake kira duk Juma'a, ka fara da tambayar salla kafin karatu, ka saurari Rashancina ka ce har yanzu da sauran Kazaure a ciki. In an sauko masallaci ka bi ta gidanmu ka ba shi labari. Na san akwai makon da na faɗi jarrabawa, kuma na san ka gaya masa, domin ba ka iya ƙarya ba. Abin da ka ƙara a kai har ya haƙura, Allah kaɗai Ya sani.

Shi ya sa bayan baƙin cikin rashinka, tsoro ya kama ni. Saura shekara ɗaya da rabi in gama, ga shi wanda ya tsaya mini ya tafi. Ranar sadakar uku wayata ta yi ƙara, na ga lambar Abba, karo na farko tun zuwana. Na ɗauka, na durƙusa a tsakar ɗaki kamar yana ganina. Ya amsa gaisuwata, ya ce ya je ya duba ka ana gobe za ka rasu, ka riƙe masa hannu ka ce ka ɗauki kaya ba ka kai ba.

"Na ce masa ya sauke," in ji Abba. "Ki zauna ki gama. Yanzu ni na tsaya miki."

Baba, ko a kan gadon ajali aikina kake yi. Ba ni da abin da zan saka maka da shi sai addu'a. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa duk harafin da ka koyar da duk dabbar da ka warkar su tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ma'u, da 'ya'yanka Mu'azzam, Sadiyya da Lauwali, da 'yan'uwa na Kanya Babba da Kazaure. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ina kuma yi wa mahaifina ta'aziyya, Allah Ya ba ni ikon fitar da shi kunya, amin.